Gaisuwar Yayana a Hanyar Adjamé

Da ana mayar da rana baya, da na mayar da safiyar da na sauya wa yayana hanya.

Shekarun baya, bayan yaƙin Turawa, ni da shi muke tura amalanken nama daga mahauta a unguwar Treichville, mu haye gada, mu hau tudu har kasuwar Adjamé. Shi ya ɗauko ni daga gida Nijar, shi ya koya mini riƙon wuƙa. Abu ɗaya ke ba ni haushi da shi, gaisuwa. Ba ma yin nisa sai ya tsaya wurin mai goro. Gaba kaɗan mai wanki. Har wata tsohuwa 'yar ƙabilar Jula mai ƙosai, da guntun Julancinsa sai ya tambayi jikokinta ɗaya bayan ɗaya. Rana na ɗagawa, ƙuda na bin nama, ni ina huci.

Na taɓa ce masa a gaban mahauta, "Yaya, nama muke sayarwa ko ina kwana?" Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ni kuwa har kaina ya kumbura.

Ran nan na karkata amalanke ta unguwar Turawa, inda bai san kowa ba, kuma masu gadi ba sa barin baƙin mutum ya tsaya. Ya biyo ni. Can na waiga, na gan shi zaune a ƙasa, ya riƙe sha-raɓarsa da hannu biyu, mai gadi na daka masa tsawa.

Ya ce, "Ƙanena, ɗan jira. Idan na tsaya ciwon yana sakina."

Na taɓa ƙafar, sanyi kamar ruwan randa.

Likita ya ce hanyoyin jinin ƙafar ne suka tsuke. Idan yana tafiya jini ba ya isar naman, sai ya ɗaure da ciwo, idan ya huta ya lafa. Ashe ya daɗe yana ɓoyewa don kada sarkin fawa ya ba wani wurinsa. Haka kuwa aka yi, don labari ya riga mu isa kasuwa. Bai sake tura amalanke ba, sai zaman bakin tebur. Bai taɓa yi mini faɗa ba. Sau ɗaya dai ya ce, "Da ka bar mini gaisuwata."

Da na wuce ni kaɗai, tsohuwar nan ta tare ni, ta ce, "Mu duk mun sani ai. Kana tsammani jikokina nawa ne? Ƙirƙiro masa nake yi don ya huta."

Yau ni ne ke tsayawa gaisuwa a kowane lungu, kuma ba son mutane ne ya yi mini yawa ba. Ina roƙonku, idan babbanku ya ja gaisuwa a hanya, ku ajiye kaya ku jira shi. Kada ku yi irin nawa.