Wayar Kawu da Ta Kori Makiyaya

Litinin: Kano zuwa Maiduguri

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba motarmu ta tashi daga Kano. A jakata akwai kwamfuta da ƙunshin kilishi na Kawu Alhaji Sani, dillalin dabbobi a Farcha ta birnin Injamena. Shi ne dalilin tafiyar. Wata biyu da suka wuce na haɗa masa tsarin waya mai bi ta intanet, da manhajar nan ta kyauta wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara. Lamba ɗaya ce, tana kaɗawa a rumfarsa ta Farcha da shagonsa na unguwar Chagoua. Daga Kano na saita komai, har da muryar mace mai ɗauka nan take ta ce a danna ɗaya ko biyu, yadda manyan kamfanoni ke yayi. Na sha yabon kaina, ba ƙarya.

Sai ga saƙon Kawu: makiyayan da ke kawo masa raguna sun daina kira, ga Layya saura kwana ashirin, rumfa wayam. Mun shiga Maiduguri bayan la'asar, na kwana a masauki kusa da tasha, barci rabi da rabi.

Talata: iyaka biyu

Mun bar Maiduguri ƙarfe bakwai. Shingayen bincike na daina ƙirga su a na tara. A Gamboru na canji sefa, na tsallaka Fotokol ta ƙasar Kamaru da ƙafa, na shiga motar Kusuri. Direban ya tambayi sana'ata, na ce gyaran waya. Nan take ya miƙo mini tasa mai fasasshen gilashi, na ba shi haƙuri.

Ƙarfe biyar da rabi na haye gadar Ngueli, na shiga Cadi. Na hau babur, wanda a can suke kira kilando, muka ratsa unguwar Walia, muka haye kogin Shari muka miƙe yamma. Kawu ya tarbe ni da "lale, lale," aka kawo kisar, wata siririyar waina ta can, da miyar kuɓewa. Bai ɗaga zancen waya ba, kuma shirun nan ya fi faɗa ciwo.

Laraba: Farcha

Tun hantsi na baje kwamfuta a rumfa. Intanet lafiya, murya ras. A jerin kira kuwa na ga abin da na sha gani daga Kano ban fahimta ba: kira ya shigo, daƙiƙa biyu, ya yanke. Na ce matsalar layi ce. Kawu ya ja ni wajen wani dattijo, Malam Jibrin, makiyayin da suka fi shekara ashirin suna hulɗa. Ya shigo gari da raguna, amma wani dillali yake shirin bai wa.

Da Larabcin Cadi ya yi magana, Kawu na fassara mini. Ashe su a daji ba kira suke yi ba, bip suke yi, abin da muke ce wa filashin: a bari ta kaɗa sau ɗaya a kashe, Kawu ya ga lambar ya kira da kansa. Haka babba ke ɗauke wa na daji nauyi. Na'urata kuwa tana cafke kiran kafin mutum ya kashe, ta cinye ɗan katinsa, ga shi ba wanda zai kira shi daga baya.

"Ba katin ne ya dame ni ba," in ji Malam Jibrin. "Na ƙwanƙwasa ƙofar Alhaji sau uku, wata mata tana ce mini in danna ɗaya. Sai na ce to, Alhaji ya girme mu."

Kawu ya sunkuyar da kai. Kunya ta rufe ni, don laifin nawa ne ɗungurungum.

Alherin buɗaɗɗiyar manhaja ke nan, ba sai na nemi izinin wani kamfani ba. Kafin azahar na cire muryar, na hana na'urar ɗauka. Yanzu in aka yi bip, sai ta riƙe lambar, ta kaɗa wayar Kawu, yana ɗauka ta kira mutumin. Na roƙi Malam Jibrin ya gwada. Ya latsa, ya kashe, yana hararata. Can sai wayarsa ta yi ƙara, ga Kawu tsaye taku biyar daga gare shi yana masa sallama. Sai da suka gaisa tsaf a wayar, har da tambayar iyali da ruwan sama. Da la'asar ragunan suka shigo rumfarmu.

Alhamis da Juma'a: komawa

Na bi hanyar da na zo, da guzurin soyayyen nama da Kawu ya cusa mini a jaka. Na isa Kano ranar Juma'a gab da magariba. Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya, na gode wa Kawu da bai tozarta ni a gaban mutane ba, da Malam Jibrin da ya koya mini aikina.

A ƙofar gida na ciro waya in sanar da Kawu. Ina da kati isasshe, amma na bari ta kaɗa sau ɗaya na kashe. Ban ko cire takalmi ba ta yi ƙara.

"Ɗana, ka isa?"