Yadda Muka Jefar da Isyaku Daga Jirgin Gamzaki

Shekara goma sha bakwai ke nan, a wannan wata, da muka kai Malam Isyaku makwancinsa a Miga. Allah ya jiƙansa, ya kyauta namu zuwan. A irin wannan rubutu an saba a yi yabo, a yi addu'a, a tashi. Addu'ar na yi, yabon ma zan yi, amma akwai maganar da na daɗe ina haɗiyewa, bana kuma ta ƙi wucewa. Wanda ya ji ta taɓa shi, to da shi nake.

Matasan yanzu ba su san shi ba, don haka bari in fara daga farko. Lokacin da aka ƙirƙiro jihar nan aka kwaso mu ma'aikata daga Kano aka zube a Dutse, gari babu gidajen haya, babu wurin hira. Ni mutumin Taura ne, mai buga tafireta a wata ma'aikata. Shi malamin dabbobi ne, Bafulatanin Miga, dogo, siriri, mai magana a hankali. Rashin masauki ya haɗa mu ɗaki ɗaya, zaman ɗaki ya zama abota. Zaman kashe wando bayan an tashi daga aiki shi ya kai mu wata ƙungiyar wasan kwaikwayo. Shugabanta ya girme mu, ya ɗan koyi aikin ɗaukar hoto, kuma kyamarar tasa ce. Ba zan faɗi sunansa ba. Darakta muke ce masa, har yau kuma haka yake so a kira shi.

Shekaru muka yi muna wasannin rigimar gona da ta gado, har wata rana Isyaku ya ce ya gaji. Ya ce me zai hana a ɗora Bahaushe da Bafulatani a jirgi a tura su cikin taurari? Aka yi masa dariya. Ni ban yi ba, na zauna na rubuta. Labarin shi ne rijiyoyin duniya sun ƙafe, sai aka zaɓi mutum bakwai suka shiga wani jirgi mai suna Gamzaki, suna bin sararin samaniya suna neman wata duniyar mai ruwa. Da tsofaffin duro da kwali muka gina cikin jirgin. Baƙin yadi muka huda da allura, muka sa fitila a bayansa, ya zama taurari. Duk duniyar da jirgin ya sauka kuwa, duwatsun bayan gari ne, sai dai a sauya kusurwa. Mu ɗauka a kaset, a kai gidan talabijin, su saka ranar Asabar da yamma.

Darakta ya ba kansa matsayin Kyaftin. Isyaku ya fito a Buba, jagoran jirgi. Na'urar nuna hanya kullum cikin lalacewa take, kamar yadda muka san na'ura a ƙasar nan. Idan ta mutu, kowa ya rikice, sai Buba ya gyara malafarsa, ya leƙa taga, ya ce ga taurarin Kaza da 'Ya'yanta can, a bar su a hannun dama. Ba ni na ƙirƙiro masa wannan ba. Abin da kakansa ya koya masa ne a wajen kiwo, lokacin da ake tafiya da shanu babu hanya babu alama.

Mutane suka ɗauki Buba suka rungume. In mun shiga kasuwa sai ka ji masu dabino suna kiran, "Buba, ina muka dosa?" Ban taɓa jin wanda ya kira Kyaftin ba. Na tuna wata ranar ɗauka a gindin dutse, wasu dattawa suka zo tun daga ƙauye a kan kekuna. Darakta ya ga sun nufo mu, ya gyara tsayuwa, ya miƙa hannu. Suka wuce shi suka je suka kama hannun Isyaku. Ya daɗe da hannun a miƙe kafin ya mayar da shi aljihu. Daga makon nan ya fara ce mini maganar Buba ta yi yawa, in rage. Na rage. Sai jama'a suka koma yabon shirun Buba. Ana cewa hassada ga mai rabo taki ce. Wanda ya yi wannan karin maganar bai zauna ƙarƙashin mai hassadar da ke riƙe da kyamara ba.

Kada a ɗauka duk wanda aka cire daga wasa zaluntarsa aka yi. Mun cire mutane kafin Isyaku, babu wanda ya ji ciwo. Hajara, wadda ta fito a likitar jirgi, aure ta yi, mijinta ya tafi da ita Haɗeja. Na rubuta cewa ta zauna a wata duniya tana jinyar mutanen can, muka yi mata walima, ta tafi da murna. Wani kuma an yi masa canjin wurin aiki, na sa shi barcin shekara ɗari a cikin akwati. Irin wannan wasa na sararin samaniya ya fi kowane wasa sauƙin sallamar mutum: ƙofa ɗaya za a buɗe, shi ke nan. Sauƙin nan kuwa shi ne haɗarinsa, domin mai mugun nufi ma ba ya shan wahala.

Ana haka aka ƙaddamar da shari'a. Mun yi murna, kuma ina so a rubuta wannan da babban baƙi: Isyaku na cikin waɗanda suka fi kowa murna. Ba shari'a ce ta cuce shi ba. Wanda ya fake da guzuma ya harbi karsana ne ya cuce shi. Ba a yi wata uku ba sai ga wasiƙa ta isa gidan talabijin, babu sunan kowa, wai daga wasu masu kishin addini. Ta ce Buba yana koya wa yara duba da taurari, a cire shi ko a dakatar da shirin. Darakta ya tara mu ya karanta mana, fuska a murtuke, sannan ya miƙa takardar ta zaga. Da ta zo hannuna sai na ga harafin "k" yana zamewa ƙasa da layi a ko'ina. Tafireta ɗaya na sani mai wannan ciwon, ita ce ta ofishin ƙungiyarmu. Mukullin ofishin biyu ne, ɗaya a wurina, ɗaya a wurin Darakta. Na miƙa wa na kusa da ni takardar.

Washegari ya kira ni.

"Malam Sani, a kashi na gaba Buba zai fita."

Na ce, "Yallaɓai, sai in sa shi ya zauna a wata duniyar, kamar yadda muka yi wa Hajara."

"A'a. Dole jama'a su ga mun barranta. Zai ɓatar da jirgi. Za a tsare shi, ya amsa da bakinsa cewa duba yake yi, kuma gadonsa ya yi. Sannan Kyaftin ya buɗe ƙofa."

Ya ƙara da cewa yana neman mataimakin darakta, kuma bai ga wanda ya fi ni dacewa ba. Na rubuta. Ba tilasta mini aka yi ba, ba a sa mini wuƙa a wuya ba. Ina son ganin sunana yana hawa a allon talabijin, kuma ina tsoron a ce ni ma ina goyon bayan ɗan duba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, an ce ka shafa wa naka ruwa. Ni har fetur na miƙa.

Ranar ɗauka Isyaku ya zauna a inuwar dutse ya karanta takardun har ƙarshe. Ya ɗago ya dube ni.

"Kai ka rubuta?"

"Ni ne."

"Hausar ta yi kyau," in ji shi. Ya juya ga Darakta ya ce, "Yallaɓai, jirginka ne, ka sauke wanda ka ga dama. In ka ce in mutu a ciki, zan mutu maka yadda kake so. Amma kakana bai taɓa duba ba, kuma ba zan tsaya gaban jama'a in ce ya yi ba."

Ya ajiye malafar a kan duro, ya hau babur ɗinsa ya tafi. Duk mai sauran kunya da nan ya tsaya. Darakta ya samo wani dogon mutum, ya kifa masa malafar, ya ɗauke shi ta baya, aka ɗora wata murya tana kuka tana cewa ta tuba da duba, gadon gidansu ne. Haka aka saka wa duniya.

Mutanenmu a lokacin ba kowa ke raba wasa da mai wasa ba, Darakta kuma ya fi kowa sanin haka. Isyaku kan tafi gida Miga duk ƙarshen mako, kuma a masallacin unguwarsu shi ke jan salla idan liman ba ya nan. Asabar ɗin da ta biyo baya aka tayar da iƙama ta la'asar, ya taka zai shiga gaba, sai wani dattijo ya riƙe masa hannun riga, ya ce Malam bari wani ya ja. A gaban 'ya'yansa aka yi. Ya koma sahu ya yi sallarsa. Bai sake shiga gaba ba har ya bar duniya. Wani malami a Dutse ya yi bayani a wajen karatunsa cewa gane hanya da taurari daban, duba daban, na farkon ma ni'ima ce daga Allah. Mutum talatin suka ji shi. Talabijin kuwa ta shiga kowane zaure. Magana zarar bunu ce.

Shirin bai yi wata biyu a bayansa ba ya mutu. Ba a hana shi ba, masu kallo ne suka watse. Darakta ya ce zamani ne ya sauya. Kaset-kaset ɗin kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ɗora bukukuwan aure da tarukan siyasa a kai. Mataimakin darakta na zama, na jirgin da ba ya tashi.

Isyaku ya nemi a mayar da shi aiki Miga, ya ci gaba da yi wa shanu allura, bai ƙara taka wurin wasa ba. Ba zan ce abin da muka yi ne ya kashe shi ba, ciwon hanta ne, shekara shida bayan haka, kuma kwana ya ƙare. Sai da na ji ya kwanta sannan na iya zuwa. Na same shi da hantsi a kan tabarma a tsakar gida, ya rame har ban so kallonsa ba. Na nemi gafara, na kuma gaya masa maganar tafireta, ina tsammanin sabon labari na kawo. Ya yi ɗan murmushi.

"Sani, shekara nawa ina karanta abin da kake bugawa? Ni ma na ga harafin. Na kuma ga ka gani."

Ya ce ya yafe tun ranar. Ya sa aka kawo mini fura. Ban taɓa shan abin da ya yi mini wuyar haɗiya kamarta ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Dutse ta cika, Keke Napep ko'ina, ga jami'a ana karantar da ilmin sararin samaniya, babu mai cewa duba ne. Jikokina suna kallon wasannin jiragen sama na ƙasashen waje a waya, an juya su da Hausa, har suna da manhajar da za ka ɗaga sama ta gaya maka sunan kowane tauraro. Ina jin dariya zai yi, ya ce a kashe wayar a gwada su. Kwanaki na tarar suna musu, wai an kashe wani jarumi da suke so ba gaira ba dalili. Na ce musu dalili yana nan, ba a cikin labarin yake ba. Wani ɗan wasan ciwo ne ya kama shi, wani ya samu inda ya fi, wani ya gaji. Amma in kuka ga an cire mutum yana tsakar tashe, kuma ba a bar shi ya fita da mutuncinsa ba, sai da aka shafa masa baƙi, to ku nemi wanda aka wuce ba a gaisar ba.

Abin da ya sa na fasa shiru bana shi ne katin da ya iso ni makon jiya. Darakta, wanda yanzu dattijo ne mai furfura, ana gayyatarsa yana ba matasa lacca, yana shirya taron karrama magabatan wasan kwaikwayo. Sunan Isyaku na ciki. Ni aka zaɓa in yi jawabi a kansa, za a kuma miƙa wa iyalinsa allon yabo. Na ji ma yana faɗa wa 'yan jarida cewa shi ya gano Isyaku, kuma tsattsauran ra'ayin wancan lokaci ne ya raba su. Mutum ya rubuta wasiƙa da hannunsa, sannan ya dawo bayan shekara ashirin da ɗoriya yana kuka da waɗanda suka aiko ta.

Me ya rage na Isyaku? Babu kaset ko ɗaya. Akwai hoto guda a wurin matarsa, Hajiya Indo, ya dushe. Akwai 'ya'ya biyar da ba su taɓa jin ya zagi kowa a kan wannan magana ba, har ni. Akwai Fulanin da har yau in an ambace shi sai sun ce ba su sake samun mai hannun allura irinsa ba. Akwai kuma abin da na gani da idona: mutumin da ya yarda a raba shi da abin da ya fi so a duniya, da dai ya yi wa mamaci ƙarya. Wannan ya ishe shi, ba ya bukatar allo.

Saboda haka, Yallaɓai, ga amsar katinka: ba zan zo ba. Shi ya yafe, ni ban kai shi hali ba. In da gaske karramawa kake nufi, masallacin yana nan inda yake, kuma da yawa daga waɗanda suka tsaya a sahu ranar nan suna raye. Ka zo mu je tare, ni da kai, mu miƙe bayan an sallame la'asar. Ni in ce ni na rubuta ƙaryar, kai ka ce kai ka buga wasiƙar. Motar Miga tana lodi kullum da safe. Ka sa rana, zan riga ka zuwa tasha.