Ranar da atamfata ta tashi sama

Jama'a, yau na tuna ranar da na tsaya a wani fili a hanyar Bassam, sai ga atamfata manne a fiffiken jirgi!

Ƙanena Sani bakanike ne a Treichville, ya daɗe yana haɗa ƙaramin jirgin sama a bayan garejinsa. Ashe turmin atamfar da na ware don Sallah, wanda ya ɓace a shagona na Adjamé, shi ya ɗauke. Ya lulluɓe ƴan marafan bayan fiffike da yake kira "vole" da shi.

Na ce, "Sani, ba zanena ba ne wannan?"

Ya ce, "Yaya, shi zai ɗaga ni. In na sauke vole kaɗan, zanen zai tare iska, in tashi kafin fili ya ƙare. In ya yage kuwa, sai cikin bishiyoyin kwakwar can na ƙarshen fili."

Ya shiga ciki, ya sauke vole, jirgi ya ruga, ni ko sai salati. Dab da bishiyoyin kwakwa tayoyi suka bar ƙasa!

Wallahi na manta ni Hajiya ce. Ina tsalle, ɗankwali a hannu, ina ihu: "Kayan shagona ne! Ba ya yagewa!"

Ya sauka lafiya, amma har yau bai ɗauke ni ba. Ku faɗi gaskiya, ba ni da kaso a jirgin nan?