Wadda Ta Fi Ƙarfin Aro

Yayana ba ya sayen abu sai ya ɗaga shi. Ko rago ne, ko damin hatsi, ko kifin da aka fitar daga ruwa, sai ya sa hannu ya ji nauyinsa kafin ya buɗe baki. Masunci ne, yana kuma da ɗan lambu a bakin tabkin Madarumfa. Ni ce ƙanwarsa, ni kaɗai aka sa lakwal, makarantar boko, a gidanmu, har na zama malamar makaranta. Madam yake kirana, rabi girmamawa rabi tsiya.

A shekarar da tari ya kama shi ya ƙi saki, wata safiya ya iske ni gida ya ce yana son ya saya wa yaransa kwamfuta. Su biyu ne, mace mai shekara tara da ƙanenta mai bakwai. Yarinyar ce ta ga irinta a gidan wata ƙawarta, inda yara ke koyon karatu da lissafi a kai, ta yi kwanaki ba ta da zance sai wannan. Shi kuwa ya sayar da albasarsa, ya ce abin da ya samu ba shi da yawa, amma ya fi son ya ga abin a ɗakinsu tun idonsa na gani. Na yi kamar ban ji ƙarshen maganar ba.

Na san abin da ya dace, ko kuma haka na ɗauka. Ƙarama ta hannu, wadda ake rufewa kamar littafi, tsohuwa amma mai batir mai kyau, saboda wutar garinmu ba ta sallama in za ta tafi. A mota, daga Madarumfa har Maradi, ina ta yi masa bayani, yana gyaɗa kai yana tari cikin rawaninsa.

Shagon da muka shiga na masu sayar da tsofaffin kayan biro ne, wato na ofis. Mai shagon ya jera mana ƙanana guda uku. Na kunna su ɗaya bayan ɗaya, na duba maɓallai, na cire waya na ga ko batir zai riƙe. Na zaɓi wata baƙa mai tsagewa a gefe, kuɗinta daidai aljihunmu. Yaya ya karɓa, ya ɗaga ta da hannu ɗaya, ya jinjina, ya ajiye. Sai ya wuce can ƙuryar shago, inda aka jibge manyan nan na tebur, masu akwatin ƙarfe daban, gilashi mai ƙatuwar ƙeya daban, ga wayoyi kamar igiyar guga. Ya sunkuya ya ɗaga akwatin da hannu biyu, har tari ya sarƙe shi.

“Wagga nika so,” ya ce.

Na ce, “Yaya, wannan ba ta da batir. Ana ɗauke wutar kuran ta mutu.”

“In an maido ta tashi.”

Mai shago har da dariya, don ya samu mai raba shi da kayan da suka tsare masa wuri. Ni kuwa raina ya ɓaci matuƙa. Amma ƙanwa ba ta gyara wa yayanta magana a tsakiyar kasuwa, gaban baƙo. Na haɗiye, na ɗauki gilashin, shi ya ɗauki akwatin. A mota na riƙe wannan jibgegen abu a cinya har ƙafafuna suka yi tsami.

Da muka iso gida na kasa daurewa. Na ce masa ya ɗauke ni tun daga nan har Maradi don ya nuna mini karatuna ba shi da amfani. Na ce kwamfuta ba rago ba ce da za a saye ta da nauyi. Na faɗi abin da ya fi haka, wanda ba zan rubuta ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, “Madam, kin tuna rediyon Baba?” Ina da shekara biyar mahaifinmu ya rasu. Na ce ban tuna ba, kuma ba zancen rediyo muke yi ba. Ya ce to, shi ke nan.

Shi da kansa ya haɗa mata tebur da katakon tsohon kwalekwale, a ɗakin matarsa, kusa da taga. Na sa musu darussan karatu da lissafi, ina yi ina ƙunƙuni. Da an kawo wuta da rana sai ka ji yaran sun kwasa a guje. Yakan zauna bakin ƙofa a kan tabarma yana gyaran komarsa ta kamun kifi, yana sauraren ɗiyarsa tana haɗa baƙaƙe da ƙarfi cikin Faransancin da ba ya ji. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar darasi, nakan dube shi da gangan. Shi kuwa sai ya ci gaba da gyaran komarsa.

Ya rasu kafin a yanke gero.

Bayan sadakar arba'in aka fara zuwa aro. Babu wanda ya ƙwace komai, kowa da sallamarsa da addu'arsa. Wani ɗan baffanmu ya ari injin ban-ruwa, kwana biyu kawai. Wani ya ari koma, tunda ba mai shiga ruwa yanzu. Keke ya tafi garin Sarkin Yamma kai saƙo. Wayar marigayin ma wani ya karɓa kafin tasa ta dawo daga gyara. Matar da ke takaba ba ta iya cewa dangin mijinta a'a, kuma wanda ya zo maka gaisuwar mutuwa ba ka bin sa kana tambayar kaya. Ba abin da ya dawo.

Ina gidan ranar da ɗan wani yayanmu, ɗalibi a Maradi, ya zo a kan babur. Ya durƙusa ya gaishe da matar Yaya, ya ce, “Inna, an ce Baba ya bar ordinater, kwamfutar nan. Ina da aikin makaranta, in kin yarda in ara sati guda.” Yarinyar tana tsaye jikin ƙofa. Na ga yadda ta damƙe labule, ta kafe uwarta da ido. Uwar ta sunkuyar da kai ta ce, “Ga ta can ɗaka.”

Ya shiga. Ya dubi akwatin, ya dubi gilashin, ya bi wayoyin da kallo har bango. Ya gwada ɗaga akwatin, ya leƙa waje ya dubi babur ɗinsa.

“Au, irin wagga ce? Na ɗauka ta hannu ce.”

Ya sha ruwa, ya yi mana sallama ya tafi.

Can matar Yaya ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Ya ce mini ƙaramar ta hi kyau, kin hi shi gaskiya. Amma ya ce abin da hannu guda ka ɗauka ba ya kwana gidan marayu. Ya ce rediyon babanku kwana ukku ya yi bayan arba'in.”

Na tashi na shiga ɗakin don kada yara su ga fuskata. Babu wuta a lokacin, gilashin baƙi ƙirin. Na sa hannu biyu na ɗaga akwatin kamar yadda ya yi a shago. Da ƙyar na raba shi da tebur. Mutumin da tari ya cinye wa ƙirji ne ya ɗauko wannan daga tasha har gida, ni kuwa ina gaba ina fushi, ko waiwaye ban yi ba.

Yarinyar ta leƙo ta ce, “Gwaggo, ke ma ara za ki yi?”

Na ce a'a. Na mayar da shi daidai inda ubanta ya ajiye.