Sunan da Muka Cire wa Manhajar Hamma

Yayana ne ya fara aikin, a ɗakin zauren gidanmu da ke Garuwa, a kan wani tsohon ordinatar, wato kwamfuta, da fankarsa ke gurnani kamar injin niƙa. Hamma muke ce masa, yadda maƙwabtanmu Fulani ke kiran yayyensu. Abin da ya ƙera manhaja ce da ke karɓar umarnin da mutum ya rubuta, ta juya shi zuwa yaren da na'ura ke ji. A makaranta kompilatar muke ce wa irinta. Da aka yi wa Inna bayani sai ta ce, "Ashe tafinta ce." Tasa tana barin ɗalibi ya rubuta umarninsa da Hausa, ko Fulatanci, ko Faransanci. Ya bar ta a buɗe a intanet, kowa ya ɗauka kyauta, ya leƙa cikinta, ya gyara abin da ya ga dama, ya dawo da gyaran don wasu su amfana.

Hamma ɗan fari ne, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunansa na yanka ba. Wai tun yana ƙarami, in an sa masa farar riga sai a neme shi a rasa, sai can a gan shi yana bin garken shanu zuwa bakin kogin Binuwai. Shi ya sa take ce masa balbela. Da ya zo sa wa manhajar suna, wannan lakabin ya ɗora mata.

Ya rasu cikin damina, bayan 'yar gajeriyar jinya. Lokacin na gama karatun kwamfuta na dawo gida, kuma ni ya bar wa makullin aikin, wato izinin shigar da duk wani gyara cikin ainihin manhajar. Ban taɓa jin aikin ya yi mini nauyi ba. Kullum na buɗe shafin aikin a intanet, sunan ne ke fara gaishe ni. Ɗalibai kan zo zaure da tambayoyinsu, su yi ta ambaton sunan a bakinsu ba tare da sun san na waye ba, Inna kuma tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Na sha ganin hannunta ya tsaya cikin faranti. Wannan kaɗai nake so ya ɗore, a ci gaba da kiran sunan a gidan da mai shi ya bari.

Muna haɗuwa ranar Asabar da la'asar a shagon gyaran waya na abokin Hamma, a unguwar Roumdé Adjia, a gindin wata darbejiya da ba ta hana zafi komai. Abokin nan Bafulatani ne dogo, mai yawan tsokana. Babbanmu kuwa Malam ne, wanda ya koya wa Hamma lissafi a lise, wato sakandare. Kirista ne daga duwatsun wajen Mokolo, Hausarsa ta kasuwa ce, kuma ko sirri zai faɗa sai na tsallaken titi ya ji. Shi ya wanke wa Hamma kai da son wannan sana'a, shi kuma ya zauna kwana uku a ƙofar gidanmu lokacin zaman makoki.

Wata Asabar ya zo yana share gumi da hularsa, ya zauna a kan benci, ya ce yana da magana.

"Na zaga makarantu," in ji shi. "Ina faɗin sunan, sai shugaban makaranta ya ce, a, abin Hausawa ne. Ko buɗewa ba ya yi. Ga Fulatanci a ciki, ga Faransanci, amma sunan ya tsare ƙofa."

"To a sa mata na Fulatanci mana, kowa ya huta," in ji abokin Hamma, kansa na cikin wata waya da ya farke.

"Ku da kuka cinye kasuwa, kuka cinye rediyo, har wannan ma kuna so?" in ji Malam.

"To a sa sunan dutsenku, Malam. Wanda sai mutum ya yi tari sau biyu kafin ya faɗe shi."

"Kai, ɗan nan, wayar mutane ma ta gagare ka, ka zo kana gyara mini suna."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Daga nan Malam ya ciro takarda daga aljihu. Ya tsinto haruffa huɗu daga farkon wasu kalmomin Faransanci ya haɗa su, suna da ba na kowace ƙabila ba. Ya karanta shi da ƙarfi. A kunnena ya yi kama da lambar da ake rubutawa a jikin motocin auduga.

"Ɗiyata, ke fa?" ya ce da ni.

Na sunkuyar da kai, na kama gefen gyalena ina murzawa.

"Ba sai yanzu ba," in ji shi. "Zan rubuta a shafi, ƙa'ida ta yi aikinta."

Ƙa'idar nan Hamma ne ya rubuta ta da hannunsa, ya koyo ta daga yadda masu irin wannan aiki ke yi a ko'ina. Masu ba da gudummawa sun yi nisa da juna, wasu a Marwa, wasu a Yola, wasu a Njamena, ba a iya tara su a gindin bishiya ɗaya. Saboda haka mai shawara ya rubuta ta a shafin aikin. In kwana bakwai suka cika ba wanda ya rubuta cewa bai yarda ba, shawara ta zauna, kuma ba a sake tayar da ita. Na san ƙa'idar kamar tafin hannuna. Ni kaina na sha zartar da gyare-gyare da ita.

Sai dai a gidanmu ba haka muke jin shiru ba. Ƙarami ba ya buɗe baki ya ce wa babba a'a. In an kawo maganar da ba ka so, sai ka yi shiru, ka dubi ƙasa, babban da kansa ya gane, ya janye maganarsa ba tare da kowa ya ji kunya ba. Da wannan na tashi, kuma bai taɓa cin amanata ba.

Abin da nake so bai da wuya. A bar sunan yadda yake, a ƙara layi a ƙarƙashinsa da Fulatanci da Faransanci mai cewa wannan ta kowa ce. Rana ta farko na rubuta haka, na karanta, na ga sunan Malam a saman shafin nawa a ƙasa yana musa masa a gaban baƙi, sai na goge. Rana ta biyu na sake rubutawa da gaisuwa mai tsawo a farko, har gaisuwar ta haɗiye maganar, na goge. Daga nan na daina taɓa shafin gaba ɗaya. Ni ce mai amsa kowace tambaya kafin azahar, ni ce mai yi wa sabon shiga maraba. Na yi tunanin shiruna zai yi ƙara kamar faɗuwar kwano a tsakar gida, kowa ya juyo.

Na Marwa suka rubuta cewa sun yarda. Wata malama daga Yola ta ce sabon sunan ya fi sauƙin rubutawa a allo. Ba wanda ya tambayi inda na shiga.

Rana ta biyar na hau moto, babur ɗin haya, na tafi gidan Malam. A wurinmu, in budurwa ta ratsa gari cikin rana tsaka ta je gidan babba ba biki ba rasuwa, ta zauna ba ta faɗi abin da ya kawo ta ba, an san akwai magana, kuma a kan babban ne ya tono ta. Matarsa ta kawo mini zoɓo mai sanyi. Muka yi maganar zafi, muka yi maganar ruwan famfo da ya ɗauke, muka yi maganar ƙafar Inna.

"Lafiya dai, ɗiyata?"

"Lafiya lau, Malam. Gaisuwa ce kawai."

Na jira ya sake tambaya. A gidanmu sai an tambaya sau uku. Shi kuwa ya washe baki, ya ce Allah ya yi mini albarka, ya raka ni har bakin titi, ya tsayar mini da moto da kansa.

Ban wuce gida ba. Na sa mai moton ya sauke ni kusa da gada, na tsaya ina kallon ruwa. Kogin ya ja baya, yashi ya fito fari, mata na shanya wanki a kansa. Na tsara maganar a zuciyata, kalma bayan kalma, ta yi kyau har na ji kamar na riga na faɗe ta. Ina da wannan halin tun ina ƙarama, in na gama faɗin abu a cikina sai nauyinsa ya sauka, in manta cewa ba wanda ya ji. Na koma gida da sauƙi a ƙirjina. Kwana biyun da suka rage suka wuce ina jiran wayar Malam.

Asabar ta zagayo, muka haɗu a shagon. Malam ya shigo da fara'a, ya ce kwana bakwai sun cika jiya, ba wanda ya ƙi.

"Ke na fi jin tsoro," ya ce da ni. "Na ce wa matata, in yarinyar nan ta rubuta kalma ɗaya, na janye. Sai ga ki har gida kin zo kin gaishe ni. Na ce to, ta sa albarka. Ai ma gara, ki huta da ganin sunan nan kullum yana tayar miki da ciwo."

Har ya riga ya kai wa makarantu biyu takarda da sabon sunan, sun ce a zo a gwada. Idonsa ya yi ja lokacin da yake cewa da Hamma na nan da ya yi murna. Na ce, "Haka ne, Malam." Ya buga gefen benci, ya tashi, ya tafi coci wurin koyon waƙa.

Muka rage ni da abokin Hamma. Ya daɗe yana hura ƙura daga cikin wata waya da ba ta da ƙura.

"Ƙanwa," ya ce, "tun rana ta biyu na gane."

"To me ya hana ka rubutawa?"

"Sunan yayanki ne. Kina raye, kina gani, in shiga gabanki in yi magana a kansa? Na ɗauka kina jiran rana ta ƙarshe ne."

"Ni kuma na ɗauka wani zai gani."

"Na gani mana," in ji shi. "Gani kam na gani."

Ya so ya yi tsokana, na ga ta taso masa har baki, ya haɗiye ta. Ya miƙo mini ruwa a leda.

Tunda makullin na hannuna, ni ce zan canza sunan. Na yi shi washegari da hantsi, a zaure, a kan tsohon ordinatar ɗin. Ba aiki ba ne mai wuya. Umarni ɗaya ake rubutawa, na'ura ta bi kowane fayil, duk inda ta ga tsohon sunan ta cire ta sa sabon. Na zata zan samu lokacin yin addu'a, amma kafin in ɗauke yatsana ta gama. Na gwada, komai na aiki daidai da Hausa, da Fulatanci, da Faransanci. Na tura. Saƙonnin taya murna suka fara shigowa.

Sai bayan kwana biyu, ina neman wani abu daban, na buɗe fayil na farko da Hamma ya taɓa rubutawa. A samansa akwai layin da mai aiki kan sa hannu. Ashe da lakabinsa ya sa hannu a wurin. Na'ura ba ta san bambanci ba, ta cire shi tare da sauran. Yanzu layin yana cewa haruffa huɗun nan ne suka rubuta fayil ɗin, a Garuwa, da taimakon Allah.

Maganar sunan manhaja ta rufu, ba ta sake buɗuwa. Wannan kuwa kuskure ne, kuma gyaran kuskure ba musu ba ne da kowa. Na rubuta a shafi, ba gaisuwa, cewa ina neman a mayar da sa hannun marubucin farko a layi na biyu na wannan fayil. Kwana bakwai suka wuce, ba wanda ya ce komai. Ban san ko an karanta ba. Na mayar da shi.

A can yake har yau, a fayil ɗin da ba mai buɗewa sai wanda wani abu ya lalace masa. Ɗalibai sun ƙaru, suna zuwa zaure har ba wurin zama, suna kiran haruffa huɗu da saurin masu kiran lambar mota. Ban faɗa wa Inna komai ba. Ran nan da suka watse ta leƙo, ta tambaye ni ko yaran nan sun bar aikin yayana ne sun kama wani. Na ce mata shi ne dai. Ta ce to, ta tambaye ni ko zan ci abinci yanzu ko sai an jima.