Wanda Ya Duba Mini Sigina a Bayan Kwoi

Ƙwaƙwalwata ta fara yoyo kamar tsohon kwano, amma ranar da na je gyara dish a wani ƙauye bayan Kwoi ba ta zube ba, kuma ban ga alamar za ta zube ba. Ku yaran ofis kun ji guntu-guntun labarin a bakin mutane, kowa da irin gishirin da ya ƙara. To ga shi daga bakin mai shi.

Sunana Danladi. Karatuna ya tsaya a firamare, kuma ba ni na bar makarantar ba, ita ce ta gaji da ni. A ofishin dillalin tashoshin biya da nake aiki a Kafanchan, manaja ne a sama, sai sufabaiza, sai 'yan matan kanta masu sabunta wa mutane kuɗin wata, sai mu instola, masu hawa kwano.

Ga wanda bai san aikin ba, akwai lokacin da babbar tashar nan ta fina-finai, wadda sai mai babban ƙunshi, wato biya mafi tsada, ke gani, take fitar da jerin shirye-shiryenta masu zuwa. Sai a liƙa manyan hotuna a ofis, a buɗe wa kowa tashar talla, tana ta maimaita guntayen shirye-shiryen. A wannan shekarar akwai na likitoci, akwai ci gaban wani na 'yan sanda, akwai na wasu sarakunan Turawa masu saran juna da takobi. Amma wanda ya ɗauke hankalin gari wani sabo ne, labarin otal a tsakiyar teku inda baƙi ke shiga ba sa fitowa. Tallan bai nuna komai ba. Mace ce riƙe da makulli, ƙofa tana buɗewa a hankali, sai allo ya yi baƙi. Tun kafin Kirsimeti ake nuna shi, farawa kuwa sai ƙarshen Afrilu.

Duk gidan da na shiga sai a tambaye ni abin da ke bayan ƙofar nan, wai mu 'yan kamfani mun riga mun gani. Ni kuwa ban taɓa ba kwastoma kunya da cewa ban sani ba. A Godogodo na ce kada ne. A gidan wani fasto na ce Shaiɗan ne sanye da kwat, ya ce shi ma abin da ya zata ke nan.

Ana saura 'yan kwanaki a fara, wani malamin makaranta mai suna Yohanna ya zo ofis, sufabaiza ya haɗa shi da ni. Muka fita waje ya yi mini bayani. Babansa, Baba Ishaku, manomin citta, ya rasu bayan sabuwar shekara. Tun da aka gama zaman makoki mamansa ta biyo shi Kafanchan, ta ƙi komawa ƙauye, gidan yana rufe.

"Baba Danladi, ƙanen babana ya riga ya fara magana," in ji shi. "Wai gida ba ya zama babu mutum. Yau zai ce a ba shi ɗaki ɗaya ya zuba buhunan citta, gobe ya sa ɗansa a ciki. In damina ta kankama Mama ba ta koma ba, gidan ya tafi. Ita kuwa da hannunta ta ɗebo ruwan da aka yi bulon."

Na ce, "To ni mai dish ne, ba mai unguwa ba."

Ya ce ai dabara ya yi. Mama tana jiran shirin otal ɗin nan kamar me. Sai ya biya babban ƙunshin a dikodar ƙauye, ya bar dikodar gidansa na Kafanchan a kan ƙarami. In tana son kallo, sai can. Matsalar ita ce iskar ruwan farko ta karkatar da dish ɗin. Ya miƙo mini makullai, ya kwatanta mini hanya.

A lokacin mitata ta duba sigina ta faɗo daga kwano ta mutu. Na gaya wa sufabaiza, ya ce, "Baba Danladi, da can da babu mita, da me kuke aiki?"

Na ce, "Da ihu, oga."

Haka ne kuwa. Aikin saita dish babu mita na mutum biyu ne. Ɗaya yana sama yana juya farantin kaɗan-kaɗan, ɗaya yana ɗaki a gaban tibi yana kallon layin sigina, yana ihu in ya hau ko ya sauko. In kai kaɗai ne, sai ka juya, ka sauko, ka leƙa, ka sake hawa, har gwiwarka ta tsine maka.

Na isa ƙauyen da hantsi a kan babur. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi. Lokacin shukar citta ne, kowa yana gona, ko akuya ban gani ba a layin. Na buɗe ƙofar gida, na tura babur ciki, na maida sakata saboda kayan aikina. Falon yana warin rufi. Kujeru biyu ne na katako a gaban tibi, kusa da juna, da kalandar coci a bango. Batirin sola yana da wuta. Na kunna dikoda, na kai ta shafin sigina, layin yana kwance a ƙasa. Na buɗe tagar falo, na zagaya baya, na kafa tsani.

Na sassauta notuna da sifana, na fara juyawa. Ina tunanin saukowa ta farko ke nan sai na ji daga taga, "Bai kawo ba."

Muryar dattijo ce, a natse, irin ta mutumin da yake zaune. Na ce a raina, ga ƙanen nan mai son gida, ashe har makulli ya yanka. Amma tunda Allah ya kawo mini mai ihu kyauta, ba zan kore shi ba.

Na ce, "Sannu Baba! Ina gajiya?"

"Yi dama kaɗan."

Na yi dama.

"Ka wuce. Dawo."

Na dawo.

"Ya fara hawa. Ɗaga shi sama. Kaɗan fa, ba noma kake yi ba."

Na yi dariya. Mutumin ya san aikin. Yawancin kwastomomi sai hoto ya zo ya wuce sannan su tuna su yi ihu. Wannan kuwa kafin hannuna ya gama motsi ya riga ya faɗa. Har na fara mamakin yadda yake sanin dama da haguna alhali bango ne tsakaninmu, amma ban bi tunanin ba.

"Tsaya nan. Ɗaure."

Na fara ɗaure notuna. Aiki ya yi sauƙi, baki kuma ya sami sarari, sai halin ya motsa.

Na ce, "Baba, kai ma otal ɗin nan kake jira? Bari in rage maka wahala. Mu a ofis mun gani. Abin da ke bayan ƙofar nan..."

"Kada ka faɗa."

Bai ɗaga murya ba, amma sifana ta tsaya a hannuna.

"Na yi wa Laraba alkawari ba zan fara ba sai ta zo. Tare za mu kalla."

Na ce, "Wace Laraba, Baba?"

Shiru. Na sake kira. Sai kukan wata kurciya can a kan mangwaro, da ɗigar ruwa daga bakin kwano.

Na sauko, na zagayo. Falon babu kowa. Na leƙa ɗakin kwana, na leƙa kicin, har bayan gida na leƙa, ina sallama kamar wawa. Sakatar ƙofar waje tana nan yadda na sa ta, daga ciki. Na duba tsakar gida. Ƙasar nan mai laushi ta riƙe sawun tayar babur, ta riƙe sawun takalmina, shiga da fita. Babu na wani.

Da na dawo falo na lura da tibi. A shafin sigina na bar ta. Yanzu tashar talla ce a kai, matar nan tana riƙe da makulli, ƙofa tana buɗewa. Rimot kuwa, da na ajiye a kan dikoda, yana kan hannun ɗaya daga kujerun.

Ku da kuka san ni kun san ba na barin aiki ban duba sigina ba. Na ɗauki rimot ɗin da yatsu biyu, na duba. Layin ya cika fal. Tun da nake aikin nan, da mita ma, ban taɓa cika shi haka ba. Na maida ta tashar talla, na ajiye rimot inda na same shi, na ce, "Na gode, Baba." Ban san me ya sa na faɗa ba. Tsanin ma a karkace na ɗaure shi.

A bakin hanya na gamu da wata mata za ta gona da ciyawar rufe citta a ka. Na tambaye ta ƙanen Baba Ishaku. Ta ce ya tafi Kachia biki tun shekaranjiya. Na ce to wace ce Laraba a gidan?

Ta ce, "Ai matan marigayi ne. Shi kaɗai ke kiranta haka. Mu Mama Yohanna muke ce mata."

Daga nan har Kafanchan ban san yadda na bi ramukan hanya ba.

Na sami Yohanna a ƙofar gidansa, na ba shi makullai, na gaya masa komai. Ya fara dariya, don ya ji labarina a gari. Da na faɗi sunan sai dariyar ta tsaya. Ya kama hannuna.

"Baba, don Allah kada Mama ta ji. In ta ji, ko da mota aka ja ta ba za ta taka gidan nan ba. Ka ce an gyara kawai."

Na yarda. Ƙarya ai ba baƙuwata ba ce. Muka shiga don in tabbatar mata da bakina. Tana zaune a kan tabarma tana ɓare gyaɗa, ƙaramar mace da ɗankwalin zumuntar matan coci.

Na durƙusa na ce, "Mama, an gyara. Hoto tas, kamar ki sa hannu ki taɓa su."

Ta ce, "Sannu da aiki. Kai da wa kuka je?"

"Ni kaɗai, Mama."

"Wa ya tsaya maka a gaban tibi?"

Yohanna ya ce, "Mama, yanzu suna da na'ura."

Ba ta ko kalle shi ba. Ni take kallo. Ta ce, "Duk shekara iska na juya abin nan. Na san yadda ake yi."

Ni da na sa kada a cikin otal, na sa Shaiɗan a kwat, na laluba cikina ban sami ƙarya ko ɗaya ba. Na gaya mata. Yohanna ya dafe kai. Ta ajiye gyaɗar, ta sa na maimaita maganar daidai yadda aka faɗa. Da na zo wurin "ba noma kake yi ba" sai ta rufe baki da gefen zane, kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka kuka ne. Dariya ce, da hawaye a ciki.

Ta ce, "Ni abin da ya hana ni komawa, na ɗauka babu kowa."

Ta miƙe ta ce Yohanna ya sauko mata da jakarta.

Nan fa aka juya. Yaron da ya ƙulla dabarar maida ta gida shi ne ya tare ƙofa. "Mama, ki bari a kira fasto tukuna. Mama, gidan ya tafi mana, ni zan gina miki wani."

Ta ce, "Fasto ya zo, a ba shi kujera. Amma ba ta Ishaku ba."

Ranar Asabar ta tafi. Yohanna ya kai ta, ya kwana biyu, ya ce bai ji komai ba, bai ga komai ba. Ƙanen ya dawo daga biki ya tarar da hayaƙi na tashi a kicin, ya nemi wani wurin ya zuba cittarsa.

Ran Lahadi aka fara shirin. Litinin da safe ina ofis wayata ta yi ƙara, ita ce. Na ce, "Mama, lafiya? Hoto ya ɗauke?"

Ta ce, "Hoto lafiya lau. Mun kalla."

Na ce, "Ke da Yohanna?"

"Yohanna barci ya yi tun ana rubutun farko." Sai ta ƙara da cewa, "Ni dai ya yi mini. Shi ya ce sun cika jan rai."

Ban tambayi wane shi ba. Na ce a gaida gida.

Tana nan har yau a gidanta, tana noma ɗan abin da za ta iya. In an fitar da sabon jerin shirye-shirye takan aiko a karanta mata, ta zaɓi wanda za a jira.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, don kaina ba ya ɗaukar kaya da yawa. A ofis muna cewa kwastoma ɗaya, dikoda ɗaya. Ba haka ba ne. Ba wanda ke jiran shiri wata da watanni shi kaɗai. Kowa akwai wanda ya ce wa, in an fara za mu kalla. Wani yana gona, wani yana Legas, wani ban san inda zan ce yake ba. Saboda haka in an tura ku gidan tsohuwa aka ce ita kaɗai ce a ciki, ku yi aikin da kyau, ku ɗaure notuna tamau. In kun ga kujeru biyu a gaban tibi, ku tsaya a tsaye.