Man gashin Yaya Hadiza

Jiya jikata ta miƙo mini kwalbar man laushin gashi, wai in duba ko yana cutarwa. Ina shaƙar ƙamshinsa na tuna yayata Hadiza.

Zamanin soja ne, kayan waje sun cika Sabon Gari. Can ta sayo irinsa. Gashinta ya yi santsi, matan Ƙofar Dundaye suna ta zuwa kallo. Ba a daɗe ba ya fara zuba, ita kuma tana ramewa.

Inna ta ƙulle kwalbar a gefen zane, muka tafi asibiti.

Likita ya gama gwaje-gwajensa ya ce, "Inna, man ga ba ya da laihi. Lulluɓe gashi kawai yake yi don ya yi taushi. Ciwon cikin jininta yake."

Inna ta ce, "Ɗana, don Allah ka ce shi na. In shi na, sai in yashe shi ɗiyata ta warke."

Yaya ba ta ga azumin shekarar ba.

Sai da na haifi nawa na gane roƙon Inna. Wanda ya karanta, ya sa su a addu'a.